Ba a Taɓa Inna da Safar Hannu

Kafin a bar ki ki taɓa ko da almakashi a ɗakin tiyata, sai an duba hannunki. Kullum da safe Metron, shugabar nas-nas, kan tsaya a bakin famfo, tabarau a karan hanci, mu kuma ɗalibai mu jeru muna miƙa mata hannuwa kamar masu jiran rabo. Ta juya tafi, ta juya baya, ta buɗa tsakanin yatsu, ta leƙa ƙarƙashin farce. Zobe babu, farce a yanke. In kuwa ta ga rauni a buɗe, ko da tsagar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ranar ba ke ba teburin aiki. Dalilinta ɗaya ne, kuma gaskiya ne: safar hannu tana hujewa, cikin mutum kuma a buɗe yake.

Ni da ƙawata mun daɗe muna aikin jinya kafin asibiti ya zaɓe mu mu koyi aikin nas ta tiyata, wato wadda ke tsayawa kusa da likita tana miƙa masa kayan aiki. Sau ɗaya ake yi wa mutum wannan zaɓen. Wadda ba ta samu tsayuwa a teburin aiki yadda ya kamata ba kafin jarrabawar ƙarshe, sai ta koma inda ta fito, a ba wata gurbinta.

Ƙawata ta fi mu duka, har wani lokaci nakan ji haushinta. Likita bai gama buɗe baki ba, abin da yake so ya riga ya sauka a tafin hannunsa, ta gefen da zai riƙe. Babban likitan fiɗa, mutumin da yabo ke yi wa wuyar fita daga baki, ya taɓa nuna ta da haɓa ya ce wa Metron, "Wannan ku riƙe min ita."

Ana cikin haka surukar ƙawata ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye.

Ita da mijinta gida ɗaya suke zaune da tsohuwar, wadda kowa ke kira Inna, da Auta, ƙanwar mijin. Layinmu ɗaya, ni nake biyo mata mu tafi aiki, shi ya sa na ga abin da na gani. Ranar da aka sallamo Inna, Yaya, babbar yayar mijin, ta tattaro akwatuna da 'ya'yanta ta tare a gidan, wai ta zo jinya. Ta zauna a kujerar da ta fi kowace laushi a falo, ta yanke hukunci.

"Ai mu Allah ya rufa mana asiri, tun da muna da nas a gida. Sista, ke kika san abin nan. Mu in muka taɓa ɓarna za mu yi."

Mijin, ma'aikacin ofis ne mai guga har a hankici, ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ne, Yaya. Ai karatunta ke nan."

Karatunta ba shi ba ne, amma wa zai tsaya bayani? Inna ba ta iya riƙe fitsari, ba ta iya riƙe bayan gida. Kafin gari ya waye shimfiɗa ta ɓaci, kafin ƙawata ta dawo aiki ta sake ɓaci, kuma a ɓacen za a bar tsohuwar tana jira. Ƙawata ta kawo shawarar a sayi kunzugun manya. Yaya ta dafe ƙirji.

"Kunzugu? Uwarmu jaririya ce? Matar da ta haife mu ta raine mu za a naɗe kamar 'yar goyo? Ba da raina ba."

Akwai injin wanki a gidan, sabo fil. Ƙawata ta kinkimo zanin gado za ta saka, Yaya ta tare ƙofa. Wai a injin da ake wanke kayan makarantar yara ba za a zuba ƙazanta ba. Aka nuna mata baho a bayan kicin, da garin sabulu, da jarkar bilic. Yaya na son bilic kamar me. In ba ta ji warinsa ya cika tsakar gida ba, wankin bai fita ba, a sake.

Duk wannan ƙawata ta haɗiye. Abu ɗaya ta yi domin kanta: ta sayo kwalin safar hannu.

Ina tsaye a ƙofar ɗakin Inna da safiyar da abin ya faru, jakata a kafaɗa. Ƙawata ta sa safa, ta juya tsohuwar a hankali tana goge ta tana yi mata hira. Inna ba ta iya magana, idonta na ɓarin da ya shanye kuma kullum cikin zubar da ruwa yake. Yaya ta leƙo da kofin shayi a hannu, ta tsaya cak.

"Mene ne wannan a hannunki?"

"Safa ce, Yaya."

"Na ga safa ce, ba makauniya ba ce ni. Mushe kike taɓawa? Dubi yadda kika sa ta kuka! Kina ƙyamar uwar mijinki a gaban idonta!"

"Yaya, ba ƙyama ba ce. Haka ake yi wa kowa a asibiti. Kariya ce gare ta, kariya ce gare ni. In hannuna ya tsage ba za a bar ni in shiga tiyata ba."

"Nan ba asibiti ba ne, gidan mutunci ne. Da hannu ta wanke kashin mijinki, da hannu za a wanke nata."

Na ce, "Yaya, idon nan ciwon ne ke sa shi ruwa, ba kuka ba ne."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke kuma a su wa? Jira ta a waje."

Kafin mu dawo aiki an bi safar nan ɗaya bayan ɗaya da almakashi, an datse yatsun, an mayar cikin kwalin an ajiye mata a kan gado. Wanda ya zauna ya yi wannan aikin yana da lokacin da zai canza wa Inna zani sau goma.

Ƙawata ta kai ƙara wurin mijin. Ta ce min yana ɗaura agogo yake saurarenta, bai ko ɗago ba.

"Ki yi haƙuri, Sista. Yaya ce, kin san halinta. Kuma tsakani da Allah, ni ma abin bai yi min kyan gani ba. Lada fa kike samu. Mata nawa ne ke neman irin wannan ladar ba su samu ba?"

Ta ce, "To a raba ladar mana. Auta ta ɗauki wankin, ni in ɗauki gyaran jikin."

"Auta yarinya ce, zuciyarta tashi take yi."

Yarinyar nan ta gama jami'a. Farcen kanti ne a yatsunta, dogaye, kowane da adonsa, ko murfin kwalba sai ta miƙa wa wani ya buɗe mata.

Hannun ƙawata ya fara da bushewa, ya koma ja, ya fara ɓarewa kamar bawon albasa. Ga bilic da safe, ga bilic da yamma, a tsakani kuma ga wankin hannu na tiyata, wanda ake dirzawa da burushi da magani tun daga farce har gwiwar hannu. Ina kusa da ita a bakin famfo, ina jin yadda take jan iska ta haƙori duk lokacin da maganin ya shiga. Ba ta taɓa cewa wayyo ba. Ta ɗaga hannuwa sama, ta tura ƙofa da baya, ta shiga kamar kowa.

Ranar da gaɓoɓin yatsun suka tsage, Metron ta riƙe hannun ta daɗe tana kallo.

"Wanki kike yi wa unguwa?"

"A'a, Metron. Surukata ce ba lafiya."

"Allah ya ba ta lafiya. Ba ki san safa ba?"

Metron ba muguwa ba ce, amma ba ta sassauci a kan cikin mutum. Ta ce, "Yau kai-kawo za ki yi."

Mai kai-kawo ita ce nas ɗin da ke waje da teburi: ta ɗaura wa likita igiyar riga ta baya, ta gyara fitila, ta buɗe ƙunshin kaya ta miƙa daga nesa, ba ta taɓa komai mai tsabta. Aiki ne mai daraja, amma ba shi za a gwada mu a kai ba. Ranar na tsaya a gurbinta. Likita ya miƙo hannu, na saka masa hantsaki a juye, ya yi tsaki ya ce, "Ina waccan?" Tana bayansa, tana riƙe da bokitin shara.

Mako ya bi mako tana kai-kawo. Ta koma sayen safa a ɓoye, tana cusawa a aljihun siket, in ta shiga bayan kicin ta saka. Hannun ya fara kamewa, har muka fara murna. Sai Auta ta fito shanya tawul ɗinta ta gani. Ta wuce falo wurin Yaya. Daga ranar Yaya ta sa aka dawo da bahon tsakar gida, daidai tagar falo, inda za ta riƙa gani daga kujerarta.

Da jarrabawa ta matso, Metron ta kira ta ofis ina wurin. Ta ce, "Ban taɓa roƙon ɗaliba ba, amma ke zan roƙe ki. Ki ba hannun nan mako guda ba ruwan sabulu, ba bilic. In ya rufe, ni da kaina zan saka ki a kowane aiki har ki cike abin da ya wuce ki. In bai rufe ba, ba ni da abin da zan gaya wa hukumar asibiti."

Mako guda. Na raka ta gida don in zama shaida, ko za su ji kunyar baƙuwa. Ta durƙusa a gaban Yaya, abin da ya ƙona min rai har yau, ta buɗe tafukanta ta nuna mata.

Yaya ta leƙa ta taɓe baki. "Wannan ne ciwon? Ni da na yi wankin 'ya'ya biyar? Ki shafa man shafawa."

"Mako ɗaya kawai, Yaya. In ya wuce, na ci gaba har iyakar rai."

"Ni bayana ba ya sunkuyo, kowa ya sani. Auta ba ta iyawa. Ko mijinki kike so ya tuɓe uwarsa ya wanke? Abin da boko ya koya miki ke nan?"

Mijin yana zaune yana latsa waya. Na ce, "Maigida, ko mai wanki a ɗauko na mako ɗayan nan."

Ya yi murmushin da ake yi wa yaro. "Haba, Sista ƙarama. Bare ya ga tsiraicin gidanmu? Mutane su ce muna da nas a gida amma mun kai ƙazantar uwarmu waje? Kuma ita tiyatar nan gudu take yi? In ba a yi bana ba, a yi baɗi."

"Babu baɗi," in ji ƙawata. "Sau ɗaya ake zaɓa."

"To ai ba korar ki za a yi daga aiki ba. Nas ce ke jiya, nas ce gobe. Ni ban ga abin tayar da hankali ba."

Na ce ni zan riƙa zuwa in yi wankin. Yaya ta ce gidansu ba gidan marayu ba ne, kuma in na sake sa baki a maganar dangi, in daina tako mata ƙofa.

A cikin makon nan ne fil ɗin da Yaya ke maƙale zanin gado da shi, don kada ya zame, ya buɗe a cikin baho. Ƙawata ta cusa hannu cikin ruwan ƙazanta, ya shige ta tsagar manuniyarta ta dama, ya nutse. Ta matse jinin, ta wanke, ta ƙarasa wankin, domin Yaya na kallo ta taga.

Ranar jajiberin hutun ƙarshen mako ce. Washegari yatsan ya kumbura tun daga tushe har kai, ya lanƙwashe, ba ya miƙuwa. Ta san ko mene ne, an koya mana: ƙwayar cuta ta shiga kuben jijiyar da ke lanƙwasa yatsa, kuma irin wannan ba ya jira. Ta ce wa mijin ya kai ta asibiti. Ya ce ya yi wa Yaya alkawarin kai yara wurin wasa, kuma wa za a bar wa Inna? Yaya ta ce a tsoma a ruwan zafi da gishiri.

"Ke da kike nas, ɗan yatsa ya gagare ki? In mun dawo a gani."

Suka fita da Auta, suka bar ta da tsohuwar da ba ta iya juya kanta. Na tambaye ta daga baya me ya hana ta kira ni. Ta ce an hana ni shiga gidan, kuma ba za ta iya jawo ƙofa ta bar Inna kwance ita kaɗai ba, in ta shaƙe da yawu fa? Da hannun hagu ta gyara ta ranar, da hannun hagu ta gyara ta washegari. Da safiyar aiki na tsaya a waje ina jira ba ta fito ba, sai na tura ƙofa na shiga, hani ko ba hani ba. Na same ta zaune a ƙasa kusa da baho, jikinta kamar garwashi, tafin hannun ya kumbura ya yi sheƙi, wani jan layi ya haura har damtse.

Yaya ta biyo mu har bakin titi tana cewa, "To wa zai canza wa Inna in kin tafi?"

Babban likitan da ya ce a riƙe masa ita, shi ya yi aikin. Ni na wanke hannu na tsaya masa. Ba a sa ta barci ba, hannun kawai aka kashe, aka kafa mayafi tsakanin fuskarta da wurin aikin. Da ya tsaga, abin da ya fito ba na bayani ba ne. Jijiyar ta riga ta ruɓe, ta yi laushi kamar zaren da ya kwana a ruwa. Likita ya miƙo hannu, ni kuwa idona ya cika, na rasa abin da yake nema a kan tiren.

Daga bayan mayafin muka ji muryarta, ƙasa-ƙasa. "Ƙaramin almakashi yake so. Mai lanƙwasa."

Shi yake so. Na saka masa. Ya ci gaba da aiki har aka ɗinke.

An cire manuniyar daga tushe. Na tsakiya ya tsira, amma ciwon ya taɓa shi, ya sandare.

Tana kwance a asibiti na je gidan ɗauko mata kayan sawa. Tun daga ƙofa na ji injin wanki yana juyi. Na leƙa ɗakin Inna. Ga ƙunshin kunzugun manya an jibge a kusurwa har ya kusa kai taga. Yaya, mai bayan da ba ya sunkuyo, ta sunkuya a kan gado, takunkumi a hanci, safar roba mai kauri har gwiwar hannu. Auta na riƙe da ƙafar Inna da yatsu biyu, ita safa biyu ta haɗa saboda farce. Idon Inna yana zubar da ruwa kamar kullum.

Na tsaya ina kallonsu har Yaya ta ɗago. Ko gezau ba ta yi ba.

"Mu ai ba mu saba ba," ta ce ta cikin takunkumi. "Ita aikinta ne."

Ban taɓa jin tsanar mutum irin ta ranar ba, kuma ban nemi gafarar jin ta ba. Ba duka suka yi wa ƙawata ba, ba su hana ta abinci ba, ba wanda zai kai su ƙara ko'ina. Kowa a layinmu yabon gidan yake yi, wai sun riƙe uwarsu a gida ba su yar da ita ba. Da hannun wa suka riƙe ta, ba mai tambaya.

Muka yi jarrabawa ba ita. Aka ba wata gurbinta, yarinya mai kirki wadda har yau take miƙa hantsaki a juye.

Ranar sallama likita ya ce a kira mijin, yana son ya yi musu bayani tare. Na shigo da ita ofishin, hannun a naɗe, rataye a wuya. Mijin ya zo da rigarsa mai guga, ya gaida likita hannu biyu. Likita ya ɗauki lokaci yana bayani. Ya ce da an kawo ta ranar da yatsan ya kumbura, da wanke wurin kawai za a yi. Ya ce za ta rubuta, za ta ci abinci, za ta iya wani aikin jinyar in an yi gashin hannu. Amma ɗaura allura a bakin mariƙi, da buɗe abin matse jijiyar jini da hannu ɗaya, da miƙa wuƙa cikin sauri, waɗannan sun wuce. Ya dube ta ya ce, "Ban taɓa samun mai tsaya min kamarki ba. Ki yi haƙuri."

Ba ta yi kuka ba. Ta kafa ido a kan tawul ɗin da ke rataye jikin famfon ofishin.

Likita ya juya wurin mijin. "Akwai tambaya?"

Mijin ya gyara zama, ya yi gyaran murya. "Allah ya saka da alheri, likita. Haka Allah ya ƙaddara. Tambayata ɗaya ce. Yaushe za ta iya sa hannun a ruwa?"

Likita ya ɗauka wanka yake nufi. Ya ce in an cire zare, wurin ya kame, kamar mako biyu.

Muka fito baranda. Ina riƙe da jakarta, tana tafiya a hankali saboda jiri. Shi yana gabanmu, ya riga ya kara waya a kunne, muryarsa har da fara'a.

"Yaya? Albishirinki. Likita ya ce mako biyu ne kawai. Ku ƙara haƙuri ke da Auta, kun kusa hutawa."